Hannuwan Baban Ɗigo

"Matsa min in wuce."

Auta ce ta faɗa, muryarta can ƙasa don kada ta tashi jaririyar da ke ɗaure a ƙirjinta. Hannu ɗaya na tallafe da bayan yarinyar, ɗayan na jan akwatin da bai gama rufuwa ba, hannun wata 'yar riga na leƙowa ta gefe.

Mijinta na tsaye a bakin ƙofa, hannuwansa biyu a baya kamar ɗalibin da ya makara. Bakanike ne, amma duk layin Injiniya ake ce masa, ita ma haka ta taras ta ɗora.

"Auta... ki ba ni zuwa Laraba."

"Laraba?" Ta yi 'yar dariyar da ta fi kuka ciwo. "Ashe ka san Laraba. Ai ni ma an ba ni labarin Larabar taka."

Ya ɗago ya dube ta, ya sake sunkuyar da kai.

"Yau kwana talatin da uku da aka sallamo mu daga asibiti," ta ce. "Ina ƙirgawa, Injiniya. Ko sau ɗaya ba ka ɗauki yarinyar nan ba. Ko ɗan yatsanta ba ka taɓa ba. A falo kake kwana, daga bakin ƙofa kake mana sannu kamar baƙo. In ba ka son ta don ta zo ƙarama, ka faɗa min. In ni ce ka gaji da ni, ka faɗa min. Amma kada ka bar ni ina jin labarinka a bakin mutane."

"Wallahi ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

Ya kawar da kai gefe. Haka Allah Ya yi shi: ba shi injin da ya mutu shekara biyu zai tashe shi kafin azahar, amma ka ce ya buɗe cikinsa, sai ka gaji ka tafi.

"Bari in kira miki tasi mai tsafta," ya ce daga ƙarshe. "Kada ki shiga ta haya da ita, akwai masu tari."

Wannan maganar ce ta fi yi mata zafi. Ta so ya tare ƙofa, ya ƙwace akwatin, ya yi mata faɗa ma in ya ga dama. Sai ga shi yana nemo mata motar tafiya. Ta wuce shi hawaye na zuba a kan hular jaririyar, shi kuma ya matsa har yana mannewa da bango don kada ya goge su.

A da ba haka suke ba. Wata bakwai cikin Auta ya yi, ranar nan tana shanya sai ruwa ya ɓalle. Abin da aka ciro bai wuce tafin hannu da ɗan ƙari ba, kilo ɗaya da ɗigo biyu a sikeli. Daga nan nas-nas suka laƙaba mata Ɗigo, sunan kuma ya bi ta har gida. Kwana arba'in da ɗaya ta yi a kwalbar ɗumama bakwaini, roba a hanci, waya a ƙirji. Iyaye mata kaɗai ake bari su shiga ɗakin. Maza sai dai su tsaya ta bayan gilashi.

Duk kwanakin nan Injiniya bai yi fashi ba. Yakan zo da safe kafin ya wuce gareji, ya dawo da yamma, ya kafa goshi a gilashin har sai mai goge-goge ta zo ta yi masa tsiya cewa shi kaɗai yake ba ta aiki. Shi ke ɗaukar nonon da Auta ta tatsa a cikin 'yar kula, yana tafe a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Duk matan ɗakin sun san shi. Har cewa suke, "Auta, ara mana mijinki na yini ɗaya ya koya wa namu."

Ranar sallama aka ba su takarda mai dokoki. A wanke hannu kafin a taɓa ta. Ba turare, ba hayaƙi, ba taron 'yan barka. A riƙa ɗaure ta a ƙirji, fata da fata, don ɗumin jiki ya maye gurbin kwalba. Auta ta haddace takardar nan tsaf. Amma game da ranar da suka iso gida, ba ta iya tuna abubuwa da yawa. Ta san dai gidan ya cika da mutane, ta san Ɗigo ta sarƙe da nono har ta yi shuɗi na ɗan lokaci, ta san ta yi ihu ta kori kowa. Abin da ta faɗa da wanda ta faɗa wa, duk tsoro ya shafe.

Daga ranar gida ya yi tsit. Inna, mahaifiyar Injiniya, ta yi fushi. Ta ce ta haifi tara ta raine su ba wanda ya taɓa miƙo mata sabulu kafin ta ɗauki jinjiri. Ƙawaye suka zo sau ɗaya, aka tsayar da su a tsakar gida, ba su ƙara ba. A asibiti in numfashin yarinya ya canja na'ura ce ke ƙara, nas ta rugo. A gida kuwa Auta ce na'urar, ita ce nas ɗin, idonta kullum a kan ɗan ƙirjin nan yana hawa yana sauka.

Waɗanda suka riƙe ta su ne Matan Kwalba. Iyaye ne da 'ya'yansu suka taɓa kwanciya a ɗakin nan, suka haɗa kansu suna bin duk wadda aka sallama. Sun raba kwanaki. Wata ta kawo abinci ta ajiye a bakin ƙofa, wata ta kwashe wanki, wata ta wanke hannu har gwiwa ta karɓi Ɗigo na awa ɗaya don Auta ta runtsa. Shugabarsu wata bazawara ce da ake kira Uwar Biyu. Tagwaye ta haifa shekara tara da suka wuce, ɗaya ya fito daga kwalba, ɗaya bai fito ba, amma ba ta taɓa yarda a rage mata suna ba. Ita ke ɗaukar waya in Auta ta kira tana kuka.

Ita kuwa maganar Laraba, Mai Turare ce ta kawo ta. 'Yar ƙanwar Inna ce, wadda dangi suka so haɗa ta da Injiniya kafin ya ga Auta a wani shagon ɗinki ya rikice. Ta zo barka tana tashin ƙamshi tun daga bakin titi, Auta ta ba ta haƙuri ta taga. Mai Turare ta yi murmushi, ta jingina da tagar.

"Ba komai, ƙanwata. Ni tausayinki ma nake ji. Kina nan kina fama, shi kuwa Yaya duk Laraba da la'asar babur ɗinsa na jingine a wani gida mai shuɗiyar ƙofa, can bayan gidan ruwa. An ce wata bazawara ce. Sau huɗu ina gani da idona... amma kada ki ce ni na faɗa."

Kwana uku ke nan Auta na gidansu. Mama ta share mata ɗakinta na da, ta wanke labule, ta kuma ɗauki zafi fiye da mai abin.

"Ki zauna abinki. Namijin da zai ga 'yarsa ya maida hannu baya, me za a yi da shi? Sai ya zo ya yi min bayani da bakinsa."

Bai zo ba. Sai dai kullum da safe ana samun leda a rataye a ƙofar gida: sabulu, auduga, 'yar safa. Rannan har da lemo mai ɓawo, irin wanda take so, an zaɓo masu laushi. Auta ta ce ba za ta sha ba. Da Mama ta fita ta shanye uku, tana sha tana jin haushin kanta. Gaskiyar magana kewarsa take yi, kewa irin mai hana abinci wucewa.

Laraba ce ranar awo a asibiti. Uwar Biyu ta zo gidan Mama da tasi ta raka ta, kamar yadda ta saba. Da aka ɗora Ɗigo a sikeli allura ta wuce kilo biyu da rabi, nas ta tafa, Auta ta rufe fuska ta fashe da kuka. Wanda take so ta fara gaya wa shi ne wanda ba ta yi wa magana.

A mota Uwar Biyu ta dube ta ta gefen ido.

"Na je gidanki jiya da miya, na taras da kwaɗo a ƙofa."

Auta ta ba ta labari duka, har da na shuɗiyar ƙofa. Uwar Biyu ta daɗe tana kallon titi, sannan ta taɓa kafaɗar direba.

"Malam, juya. Bayan gidan ruwa za ka kai mu."

"Anti, ni ba zan je in yi faɗa da kowa ba," Auta ta ce da sauri. "Ga yarinya a ƙirjina."

"Ba faɗa za ki yi ba."

Motar ta shiga wani layi mai kwata a tsakiya, ta wuce mai faci, ta tsaya. Ga ƙofa shuɗiya. Ga babur ɗin Injiniya a jingine, da tsumman nan ja da yake ɗaurawa a madubi. Auta na kallo Uwar Biyu ta buɗe jaka, ta ciro makulli, ta zura a ƙofar.

Auta ta sauko daga motar ta biyo ta.

"Anti... gidanki ne?"

"Gidana ne."

"Ke ce? Ke da nake kira in yi miki kuka? Ke da na ba ki 'yata kika ɗaura a ƙirjinki?"

"Ni ce bazawarar, ƙwarai," Uwar Biyu ta ce, ko a jikinta. "Ki zage ni daga baya, ina da lokaci. Yanzu cire takalmi ki biyo ni, kada ki yi magana."

Suka bi ta wani ɗan lungu zuwa tagar falo. Uwar Biyu ta ɗaga gefen labule.

Maza huɗu ne a ciki masu koyon ɗaukar bakwaini, zaune a kan tabarma. Kowannensu ya ɓalle maɓallan riga, an ɗaura masa 'yar tsana a ƙirji da zane. Wani dattijo mai furfura, direban babbar mota da jikarsa ta taɓa kwanciya a kwalba, yana zagayawa yana gyara musu ɗauri.

"Kai mai shago, ka danne mata hanci. Buhun siminti ka ɗauko? Juya kan gefe."

Sauran suka yi dariya. Injiniya bai yi ba. Yana can ƙurya, tsanarsa ɗaure daidai ba abin gyarawa, gabansa robar ruwa mai kumfa. Buroshi ne a hannunsa, yana dirzar yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Injiniya, ka bar hannun nan ya huta," dattijon ya ce. "Fatar ma ai ta ƙare."

"Saura kaɗan, Baba. Babban yatsa ne kawai. Yau in na yanke farcen, baƙin ya fita duka."

"In ya fita kuma fa? An ce ta tafi gidansu."

"Sai in je in nuna mata." Ya ɗaga hannun yana duba shi a hasken taga. "In ta ga sun yi fari, wataƙila ta yarda in ɗauke ta ko na minti ɗaya ne."

Auta ba ta san lokacin da ta saki labulen ta tura ƙofar falo ba. Mazan suka daburce, kowa na jan riga yana rufe tsana. Dattijon ya dube ta, ya dubi Injiniya, ya gane.

"To jama'a, mu koma tsakar gida da 'ya'yanmu, su sha iska."

Suka fice. Injiniya ya miƙe, tsana a ƙirji, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa. Nan take ya maida hannuwan baya.

"Kawo su," ta ce.

"Auta..."

"Kawo hannunka in gani."

Ya miƙo su a hankali. Ta san hannuwan nan. Ta san su da baƙin mai a kowace tsaga, baƙin da ko ranar aurensu bai fita ba, har ƙawayenta na tsokanarta. Yanzu sun yi jawur, sun saɓule, bayan yatsun duk ya tsattsage. Faratan an yanke su har cikin nama. A gefen farcen babban yatsan dama ne kawai wani siririn layi baƙi ya rage.

"Me ka yi wa kanka?"

"Na daina buɗe inji. Wayarin kawai nake yi yanzu, shi ba ya ɓata hannu. Na jikin fata ya fita da buroshi. Na farce ne ya ƙi, sai dai in jira ya tsiro in yanke. Kwana a falo kuma... warin fetur ne. Ko na yi wanka ina jin sa a jikina."

"Wa ya ce maka sai ka yi haka?"

Ya so ya janye hannuwan, ta riƙe su.

"Wa ya ce maka, Injiniya?"

"Ranar da kuka dawo," ya ce, idonsa a ƙasa. "Da ta sarƙe. Na taho da gudu zan karɓe ta, sai kika ce... kika ce kada in taɓa miki ita da waɗannan hannuwan, ko kashe ta nake so in yi."

Maganar ta dawo mata gaba ɗaya, da muryarta, da fuskar Inna a bakin ƙofa, da yadda ya tsaya cak hannuwansa a sama. Ta dafe baki.

"Ban riƙe ki ba, wallahi," ya ce da sauri. "Gaskiya kika faɗa. Kwana arba'in da ɗaya ina kallonta ta gilashi, na ga irin wahalar da kuka sha. Da na dubi hannuna sai na ji tsoro. In wani abu ya same ta ta dalilina, ina zan sa kaina?"

"Shi ne ba ka faɗa min ba? Kwana talatin da uku?"

"Kunya na ji. Namiji ya ce tsoron 'yarsa yake ji..."

Uwar Biyu ta yi gyaran murya daga bakin ƙofa.

"Tun zuwansa na farko na gaya masa tabo ba datti ba ne. Sabulu da ruwa sun isa. Nas ta gaya masa, dattijon nan ya gaya masa. Ya ce ba mu muka hana shi ba. Ya kuma sa na yi alkawarin ba zan faɗa miki ba, ni ma na biye masa, har abin ya kai ga akwati. Wannan laifina ne. Mu mun iya kai wa uwa miya, amma uban sai mu bar shi a bayan gilashi ko an dawo gida." Ta juya. "Ina tsakar gida in kin shirya zagin."

Auta ta matso. Hawaye take yi sosai, ba ta damu ta share ba.

"Ka yafe min, Baban Ɗigo. Tsoro ne ya yi magana, ba ni ba. Ni da na ɗauka ka daina son mu..."

"In daina son wa? Autata, ni da ban iya cin abinci in ba na jin motsinku a ɗaki."

"Cire tsanar nan."

Ya kwance ta, ya rasa inda zai ajiye, ya kwantar da ita a kan kujera a hankali har da gyara mata kai. Auta ta yi dariya cikin kuka.

"Zauna. Buɗe rigar da kyau."

"Bari in yanke farcen tukuna. Ga abin yankan nan, minti ɗaya..."

Ta riga shi ɗauka. Ta jefa a jakarta ta zuge.

"Ka wanke hannu da sabulu?"

"Sau shida."

"To ya isa."

Ta kwance zanen, ta ciro Ɗigo da ɗuminta, 'yar hula a kai. Yarinyar ta yamutsa fuska za ta yi kuka don an raba ta da wurinta. Auta ta kwantar da ita a ƙirjin ubanta, ta juya mata kai gefe, ta zagaya ta ɗaure zanen ta bayansa. Injiniya ya ƙame. Ko numfashi ba ya yi, hannuwansa a sama kamar ranar nan.

"Yi numfashi mana, ai kai ne katifar."

Ta kamo hannunsa na dama ta ɗora a bayan yarinyar, ta danne da nata. Tafin ya rufe bayan duka har da saura.

Ɗigo ta yi ɗan ƙugi, ta goga kunci a ƙirjin, ta yi luf.

"Tana da nauyi," ya ce da wata irin murya. "Ta fi tsanar nauyi."

"Kilo biyu da rabi yau. Kai na so in fara gaya wa."

Hawayensa suka gangaro, ya kawar da kai don kada su ɗiga a kanta. Auta ta share masa da gefen mayafinta. Ta riga ta tsara a ranta: daga nan gidan Mama su ɗauko akwati, gobe kuma gidan Inna, ta durƙusa ta ba ta haƙuri, ta zuba mata ruwa da hannunta ta miƙa mata jikarta. Mai Turare kuwa har godiya ta cancanta, tunda ita ta yi kwatancen gidan.

Wani ɗan hannu ya fito ta gefen zanen yana lalube. Ya bi ta kan yatsun da suka saɓule, ya wuce, ya kama babban yatsan nan mai baƙin layi, ya damƙe.

"Auta, ta kama wurin baƙin..." ya ce a tsorace, yana ƙoƙarin zarewa.

Ta riƙe wuyan hannunsa.

"Bar mata. Gobe kuma ka koma ka buɗe injinka. Hannun da na aura nake so ta sani."